Yadda soja a Amurka zai sayi gida da lamunin VA, daga takardar farko zuwa karɓar makulli

Duk inda aka zauna hira da 'yan'uwanmu da suka sa kakin sojan Amurka, a Bronx ne ko Houston ko Greensboro, da wuya a tashi ba a taɓo zancen gida ba. Labarin ma ya daɗe da kaiwa can wajenmu, har ya ƙara gishiri a hanya: wai wane ya shiga soja, gwamnati ta ba shi gida kyauta. Gwamnatin Amurka ba ta rabon gidaje. Abin da take yi ya fi kama da na dattijon unguwa da zai raka yaro wurin mai shago ya ce, "Ba shi, ni na tsaya masa." Banki ne zai fitar da kuɗi, kai ne za ka biya har ƙarshe, ita kuma ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA, ta ɗauki alkawarin biyan bankin wani kaso in ka gaza, galibi kashi 25 cikin 100 na bashin.

Tsarin ya samo asali ne daga dokar da aka fi sani da GI Bill, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 22 ga Yuni, 1944, don kada sojojin da za su dawo daga yaƙin duniya na biyu su rasa madafa. Saboda wannan tsayawar ta gwamnati, banki na iya ba ka kuɗin gidan ɗungurungum ba tare da ka ajiye kafin alƙalami ba. Farar hular da bai ajiye kashi 20 ba, ana ɗora masa wata inshora ta wata-wata don kare banki. Kai ba za a ɗora maka ba. Kuɗin ruwan yakan ɗan gaza na kasuwa, kuma in ka samu hali ka biya bashin kafin wa'adi, babu tara.

Akwai magana biyu da gara a yi su tun yanzu. Gidan dole ya kasance cikin Amurka ko yankunanta irin su Puerto Rico da Guam, kuma ya zama wanda kai da kanka za ka zauna ciki. Mai lissafin zai karɓi kuɗin ya kai ginin da ya fara a Kano ko Maraɗi ko Kumasi linta, ya cire rai. Ta biyun kuwa, bashi ne mai ruwa, kamar sauran bashin banki. Malamai sun yi saɓani a kan sayen gidan zama ta wannan hanya a ƙasashen da Musulmi suke tsiraru: majalisar fatawa ta Turai ta sassauta a 1999 bisa lalura, wasu kuma ba su yarda ba sam. Akwai kamfanoni a Amurka, irin su Guidance Residential, da ke sayen gida da mutum ta hanyar haɗin gwiwa yana sayen kasonsu a hankali, sai dai sukan so ka zuba naka kason tun farko. Ni ba malami ba ne. Ka zauna da malaminka kafin ka zauna da banki, don ka shiga da natsuwa ko ka bari da natsuwa.

Mataki na ɗaya: ka tabbatar ka cancanta

Wanda yake bakin aiki yanzu, kwana 90 a jere cikin kaki sun wadatar. Wanda ya riga ya ajiye aiki, in hidimarsa ta faɗo tsakanin 2 ga Agusta, 1990 zuwa yau, ana neman wata 24 a jere, ko kuma a ce ya cika dukan wa'adin da aka kira shi ya yi, muddin ya kai kwana 90. An yi rangwame ga wanda aka sallama da wuri saboda rage ma'aikata ko wata matsalar iyali mai tsanani. Wanda kuwa rauni ko ciwon bakin aiki ne ya fitar da shi, ko bai cika kwana 90 ba ya shiga. 'Yan National Guard da Reserve, wato sojojin ko-ta-kwana, shekara 6 ake nema, ko kwana 90 na cikakken aiki wanda ba na horo ba. Matar da mijinta ya rasu a bakin aiki ko sanadin ciwon aiki ita ma tana da haƙƙi, da wasu sharuɗɗa da suka shafi sake aure. Haka mijin da matarsa ce sojan.

Wanda aka kora korar wulaƙanci ba ya ciki. Amma in takardar sallamarka tana tsaka-tsaki, kada ka yanke wa kanka hukunci a zaune, ka shigar da buƙata VA ta duba. Ba a tambayar garin da aka binne cibiyarka. Hidimar da ka yi ake aunawa.

Mataki na biyu: karɓo takardar shaida

Sunanta COE, ita ce ke gaya wa banki cewa gwamnati ta tsaya maka. Kana iya nemanta da kanka a shafin VA.gov, ko ka cika fom mai lamba 26-1880 ka aika ta gidan waya, wadda ita ce hanya mafi jinkiri. Mafi sauƙi shi ne ka bar wa banki, don suna da hanyar intanet da sukan ciro ta cikin mintuna. Tsohon soja zai kawo takardar sallamarsa, DD214. Wanda ke bakin aiki zai kawo takardar shaidar hidima da kwamandansa ko jami'in kula da ma'aikata ya sa wa hannu. Tsohon ɗan National Guard kuma fom NGB 22 da NGB 23.

In ta fito za ka ga an rubuta dala 36,000. Kada gabanka ya faɗi, ba shi ne kuɗin gidan da za a ba ka ba. Rubu'in dala 144,000 ne, tsohon ma'auni da aka bari a takardar, kuma bashin da ya haura haka akwai ƙarin lamuni a kansa. Tun 1 ga Janairu, 2020, mai cikakken haƙƙi ba shi da wata iyaka daga VA. Ƙarfin samunka ne zai tsaida banki. Abin da ya kamata ka zuba wa ido a takardar shi ne layin da ke nuna ko an yafe maka kuɗin hidimar VA. Za mu zo kansa.

Mataki na uku: gyara aljihu, wata shida kafin ka fara leƙa gidaje

A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da makin kiredit, wato makin da ke nuna yadda ka saba biyan bashi. VA ba ta yanka wani maki ba, amma bankuna da yawa suna neman 620. A wajenmu, mutumin da ba a bin sa ko sisi shi ne mai mutunci. A wajen bankin Amurka, baƙo ne da ba a san halinsa ba. Sai ka ga mutum ya shekara biyar yana sayen komai da kuɗi hannu, motarsa ma lakadan ya biya, an buɗe na'ura an ga fili fetal. Ƙa'idar VA ta yarda a duba tarihin biyan haya da wuta da waya na wata 12 a madadin haka, sai dai ba kowane banki ke son wahalar ba, don haka ka tambaya tun a kiran farko. Ka kuma ciro rahotonka daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion, kyauta ne a annualcreditreport.com, ka bi shi layi-layi. Sunaye irin namu, Muhammad da Abdullahi da Ibrahim, suna da yawa kuma kowane ofis da yadda yake rubuta su, bashin wani na iya sauka a kanka. Gyaran irin wannan kuskure yana cin makonni. In kuma akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya da ka daina biya, ka warware shi tukuna, don akwai rumbun da bankuna ke dubawa kuma sunanka zai fito.

Sai awo biyu. Na farko, ana so dukan basussukanka na wata, har da kuɗin sabon gidan, kada su wuce kashi 41 cikin 100 na samunka kafin a cire haraji. Ba katanga ba ce, ana iya haurawa. Na biyun shi ne wanda ya bambanta VA da sauran: abin da zai rage a hannunka bayan an cire haraji, kuɗin gida, basussuka, kuɗin rainon yara in ana biya, da ƙiyasin wuta da gyare-gyare wanda ake lissafawa a kan santi 14 kowace ƙafa murabba'i ta gidan. Ga bashin da ya kai dala 80,000 zuwa sama, iyali mai mutum huɗu sai ya rage da dala 1,003 a jihohin kudu da na tsakiya, 1,025 a arewa maso gabas, 1,117 a yamma. In basussukanka sun haura kashi 41, banki zai so ragowar ta fi wannan da kashi 20.

Amma fa wannan lissafin nasu bai san da Inna ba. Bai san da kuɗin da kake turawa gida duk ƙarshen wata ba, da kuɗin makarantar ƙanne, da ragon layya, da wayar da ake bugowa da asuba a ce an kwantar da Baffa a asibiti. Banki zai ce ka isa ɗaukar dala 400,000, kai ka san cewa dala 500 na fita duk wata ta wata ƙofar da ba ta cikin takarda. Ka cire naka da kanka, abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfinka.

Takardun samu: na bakin aiki zai kawo takardar albashi ta soja, LES, kuma alawus ɗin gida, BAH, ana ƙirga shi cikin samu. Diyyar rauni ta VA ma ana ƙirgawa. Alawus ɗin gida na karatu da ake biya ƙarƙashin GI Bill kuwa ba a ƙirga shi, tunda mai ƙarewa ne. In saura ƙasa da wata 12 wa'adinka ya cika, sai ka nuna shaidar za ka sabunta ko takardar ɗaukar aiki a waje. Mai sana'ar kansa, kamar direban babbar mota ko mai tuƙa Uber, takardun haraji na shekara biyu za a nema, kuma ribar da ka bayyana wa hukumar haraji ita banki zai gani. Wanda ya yi ta zaftare kuɗin mai da na gyara har ya nuna kusan bai samu komai ba, ranar nan zai ga sakamakon wayonsa.

Sai adashi. Wani ƙanena da na raka wannan tafiya, kwasarsa ta zo ana saura mako uku a sa hannu. Uwar adashi ta miƙo masa dala 6,000 a ambulan, shi kuma da murnarsa ya kai banki ya zuba, a ganinsa asusu ya yi kyan gani. Bayan kwana biyu mai tantance takardu ta aiko da tambaya guda: daga ina? Ya ce adashi. Ta ce a kawo shaida. Littafin zubin wani ɗan ƙaramin littafin makaranta ne, rabi da boko rabi da ajami, mutum goma kuma kowa da tsabar kuɗi yake zubawa. Ƙarshenta cire kuɗin aka yi daga lissafi baki ɗaya, ya koma neman abin da zai cike giɓin, ranar sa hannu ta matsa. Bankuna sukan duba bayanan asusu na wata biyu, duk wani babban kuɗi da ya shigo sai an san tushensa. In kana da kwasa, ka roƙi a ba ka ita da wuri ta kwana a asusu tun kafin watannin da za a duba. In kyauta ce daga ɗan'uwa, a turo ta banki zuwa banki, da wasiƙa mai cewa kyauta ce ba rance ba.

Wani abu kuma: in da matarka za ku ɗauka, lamunin ya rufe ku duka, ka dai tanadi takardar aure. In da yayanka ne ko abokinka wanda ba soja ba, VA kason ka kaɗai za ta tsaya wa, sai an kai mata takardun ta amince, kuma banki zai nemi kafin alƙalami. A jihohi irin su Texas, California, Arizona da Washington, inda doka ta ɗauki dukiyar ma'aurata a matsayin ta tarayya, ana ƙirga basussukan matarka ko da sunanta ba ya cikin bashin.

Mataki na huɗu: san kuɗin hidimar VA

Sau ɗaya ake biyansa, shi ke riƙe da tsarin. Bisa ƙimar da ta fara aiki 7 ga Afrilu, 2023, mai amfani karon farko da bai ajiye kashi 5 ba zai biya kashi 2.15 cikin 100 na bashin. Karo na biyu zuwa sama, 3.3. Wanda ya ajiye kashi 5, ya sauko 1.5, kashi 10, ya sauko 1.25. A gidan dala 300,000 ba kafin alƙalami, dala 6,450 ke nan a karon farko, 9,900 a na biyu. In ka ajiye dala 15,000, kuɗin hidimar zai dawo 4,275. Ana iya zuba shi cikin bashin, yawanci ma haka ake yi, sai dai ka tuna shi ma zai riƙa haifar ruwa har shekara 30.

An yafe shi ga wanda ke karɓar diyyar rauni ko ciwon aiki daga VA, komai ƙanƙantar kason, da matar mamaci mai karɓar diyyar rasuwa, da sojan da ke bakin aiki wanda ya samu lambar Purple Heart, wadda ake ba sojan da aka raunata a fagen fama. In ka shigar da buƙatar diyya ba a amsa ba har aka sa hannu, daga baya aka amince kuma aka mayar da ranar farawa kafin ranar sa hannun, kana iya neman a maido maka kuɗin. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, sai su bar dubban daloli a can.

Mataki na biyar: taya bankuna, kamar yadda ake taya sa a kara

VA ba ta yanka kuɗin ruwa, kowane banki da nasa. Kada ka tsaya wurin na farko don kawai ya sa hoton tuta da soja a tallarsa. Ka nemi aƙalla uku: bankin da kake ajiya, ɗaya daga cikin masu hulɗa da sojoji irin su Navy Federal ko USAA, da wani kamfanin bashin gida na garin da ya saba da aikin VA. Doka ta wajabta wa kowanne ya ba ka takarda mai suna Loan Estimate cikin kwana 3 na aiki bayan ka cika buƙata. Tsarinta iri ɗaya ne ko'ina, sai ka jera su a tabarma ka gwada. Ka neme su cikin mako biyu, don binciken da za su yi wa kiredit ɗinka ya zama kamar guda.

Ga dalilin wahalar. A ce bashinka dala 306,450 ne na shekara 30. A kan ruwa 6.5, biyan wata zai kama dala 1,937; a kan 6, dala 1,837. Ɗari ce kacal a wata, amma kusan dala 36,000 ce a ƙarshe. Kuma cikin waccan 1,937 ta watan farko, kimanin 1,660 ruwa ne, 277 kaɗai ke rage uwar kuɗi. Wannan ban da harajin gida da inshorar gobara, waɗanda akan haɗa cikin biyan wata kuma suna hawa. Ka kula da dabarar nuna maka ruwa mai sauƙi alhali an cusa kuɗin sayen ragin a wani layi. Kuɗin aikin banki kansa VA ta hana ya wuce kashi 1 cikin 100 na bashin. Wanda ka zaɓa zai ba ka wasiƙar amincewar farko, da ita ake shiga kasuwa.

Mataki na shida: dillali da gida

Nemi dillalin da ya taɓa rufe cinikin VA, ka tambaye shi nawa ya yi bara. A garuruwan bariki kamar Killeen, Fayetteville, Norfolk da San Antonio ba za ka sha wuya ba. A da an hana soja biyan la'adar dillalinsa. Tun watan Agustan 2024 VA ta yarda, don haka ku yi maganar la'ada a rubuce tun kafin ya buɗe maka ƙofar farko, kuma ba laifi a nemi mai gida ya ɗauka.

Kana iya sayen gida guda, ko sashe a bene in ginin yana cikin waɗanda VA ta amince da su, ko gini mai sassa har huɗu muddin za ka zauna a ɗaya. Wannan na ƙarshen, a ganina, shi ya fi dacewa da yadda muke rayuwa: kana ƙasa da iyali, 'yan haya na sama suna taya ka biya, in baƙi sun zo daga gida akwai wurin sauke su. Sai dai banki na iya neman ajiyar biyan wata shida da shaidar ka iya riƙon 'yan haya kafin ya ƙirga kuɗin hayar. Ana so ka tare cikin kwana 60 bayan sa hannu. In an tura ka fagen aiki, tarewar matarka ta wadatar.

A takardar ciniki ka tabbatar an sa sharaɗin kuɓuta na VA, wanda ya ce in ƙimar gidan ta gaza farashi kana iya janyewa a maido maka kuɗin kamun da ka ajiye. Ka kuma nemi mai gida ya ɗauki wani abu daga kuɗin rufe ciniki. Bayan waɗannan, an yarda ya ƙara da wasu alheran, kamar biya maka kuɗin hidimar VA, har kashi 4 cikin 100 na ƙimar gidan.

Mataki na bakwai: mai ƙimantawa daban, mai bincike daban

VA ce ke turo mai ƙimantawa, ba kai ko banki ke zaɓa ba. Aikinsa ya faɗi darajar gidan, ya kuma duba ko ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan zama: rufi ba ya yoyo, wuta da ruwa lafiya, akwai na'urar ɗumama ɗaki, akwai hanyar shiga. Gidan da aka gina kafin 1978, in fentinsa na ɓarewa sai an gyara, saboda gubar dalma. A jihohi da yawa, musamman na kudu, sai an kawo shaidar babu gara.

In ya ga ƙimar za ta gaza farashi, yakan sanar tukuna, a ba dillalai kwana 2 na aiki su kawo misalan gidajen da aka sayar a kusa. Wannan shi ake kira Tidewater. In duk da haka ta gaza, zaɓi huɗu ne: mai gida ya rage, ka cika giɓin daga aljihunka, ka nemi a sake duba ƙimar, ko ka janye. Kada son gidan ya rufe maka ido. Wanda ya shiga ba kafin alƙalami kuma ya ɗora kuɗin hidima a kai, tun ranar farko bashinsa ya ɗara darajar gidan. In aka yi masa canjin wurin aiki bayan shekara biyu ya tashi sayarwa, yana iya ciko daga aljihu.

Mai ƙimantawa ba zai hau soro ya shiga ƙarƙashin daɓe ba. Wannan aikin mai binciken gida ne, kai za ka ɗauko shi ka biya 'yan ɗaruruwan daloli, kuma VA ba ta tilasta ba. Ka ɗauko shi. Ka je da kanka ranar, ka bi shi a baya, ka tambayi shekarun rufi da tukunyar ruwan zafi da na'urar sanyaya gida. Su ne masu cin kuɗi a shekarar farko.

Mataki na takwas: daga tantancewa zuwa makulli

Tsakanin ƙulla ciniki da sa hannu akan ɗauki wata guda zuwa wata ɗaya da rabi. A wannan tsakanin ka zama kamar mai azumi: ba sabuwar mota, ba kujeru bashi, ba canjin aiki, ba tsaya wa wani a bashinsa. Suna sake duba kiredit dab da ƙarshe. Duk takardar da aka nema ka tura ranar, ko da ka tura ta sau biyu a baya.

Aƙalla kwana 3 na aiki kafin sa hannu za a ba ka takardar ƙarshe mai suna Closing Disclosure. Ɗauko waccan ta farko, Loan Estimate, ka gwada su, duk layin da ya kumbura ka tambaya. Rashin kafin alƙalami bai hana ka zuwa da kuɗi ba: akwai na mai ƙimantawa, na binciken takardun mallaka da inshorarsu, na rajista, da harajin gida da inshorar da ake biya gaba. Dubban daloli ne in mai gida bai ɗauka ba. Wajen tura su ka yi hattara, 'yan damfara sukan aiko da imel mai kama da na ofishin rufe ciniki ɗauke da wata lambar asusu. Ka buga waya ta lambar da ka riga ka sani, a karanta maka lambar asusun da baki. Ana gobe ko da safiyar ranar, ka sake zaga gidan ka ga an yi gyaran da aka yi alkawari. Wanda ke nesa a bakin aiki yana iya ba da wakilci a rubuce, amma banki ya ga takardar tun da wuri.

Bayan an tare

Ka leƙa ofishin harajin gundumarku. Jihohi da dama suna rage wa tsohon soja mai rauni harajin gida, Texas ma ta yafe shi gaba ɗaya ga wanda VA ta ba kashi 100, amma sai ka nema.

Haƙƙin ba na sau ɗaya ba ne. In ka sayar ka biya bashin, ana maido maka shi cikakke. In ka biya bashin ka riƙe gidan, ana maidowa sau ɗaya tak. In kuma aka canja maka bariki kana so ka sa haya a na farko ka sayi wani, ragowar haƙƙin na iya isa. Mai ragowar haƙƙi da ma'aunin bashin gida na gundumarsa ake yi masa lissafi: na 2025 a yawancin gundumomi dala 806,500 ne, rubu'insa 201,625. Cire 75,000 da bashin dala 300,000 na gidan farko ya riƙe, saura 126,625, ka ninka sau huɗu, kana iya kaiwa dala 506,500 ba kafin alƙalami. Wani ma na iya gadar bashinka da ruwansa in banki ya amince, ko da farar hula ne, sai dai haƙƙinka zai zauna ɗaure a gidan har ya gama biya, in ba soja ne ya musanya da nasa ba.

Ba za ka yi wata uku ba akwatin wasiƙunka zai cika da takardu masu kama da na gwamnati, suna kiran ka ka sabunta bashi. Na 'yan kasuwa ne. Sabuntawar rage ruwa ta gaskiya, IRRRL, kuɗin hidimarta kashi 0.5 ne, ba ta yiwuwa sai ka yi biya shida a jere kuma kwana 210 sun wuce daga ranar biyan farko, sannan dole ragin da za ka samu ya maido kuɗin da aka kashe cikin wata 36. Duk wanda ya kasa nuna maka wannan lissafi a takarda, ajiye wayar.

In kuwa abubuwa suka cije, aiki ya tsaya ko ciwo ya zo, kada kunya ta sa ka ɓoye wasiƙun banki a ƙarƙashin katifa. Tun watan farko da ka ga ba za ka iya ba, kira kamfanin da ke karɓar biyanka, sannan ka kira VA. Tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su shiga tsakani a tsara maka biyan abin da ya taru a hankali, ko a ɗaga maka ƙafa na wasu watanni, ko a sake fasalin bashin. In aka kai ga ƙwace gidan, VA za ta biya banki kasonta, kuma wannan kason na haƙƙinka ba zai dawo ba sai ka biya ta abin da ta yi asara.